Abdoulaye Mamani, Sarauniyar Lugu da Hanyar Damagaram zuwa Yamai



Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Damagaram zuwa Yamai ya san tafiyar ba ta wasa ba ce. Kusan kilomita 900 ne, a bi ta Tasawa da Maradi, a ratsa Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso kafin a hango kogin Kwara. A kan wannan hanya ajali ya riski marubucin Nijar Abdoulaye Mamani a hatsarin mota cikin shekarar 1993, yana tafiya Yamai don ya karɓi kyautar adabi mai sunan Boubou Hama. Bai daɗe da haura shekara 60 ba. Na fara da hanyar ne domin ita ce hanyar littafinsa. Da yawa daga garuruwan da motar Yamai ke wucewa su ne waɗanda rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine ta bi da wuta a 1899, sai dai ita daga yamma ta fito, ta nufo gabas.

Gabas ɗin nan kuwa mu ne. Tafkin Chadi aka aiko rundunar ta kama, kuma ragowarta, a ƙarƙashin Joalland da Meynier, ta iso. Ita ce ta haɗu da rundunar Lamy da ta ratso hamada daga Aljeriya da ta Gentil da ta hauro daga Kwango, suka gwabza da Rabe a Kusiri ranar 22 ga Afrilu 1900, inda Rabe da Lamy duka suka kwanta dama. Saboda haka Bahaushen Kusiri ko na Injamena da ya ɗauki littafin Mamani ba labarin wasu can yake karantawa ba. Farkon labarin garin da yake zaune ne.

An haifi Mamani a 1932 a Gudumariya, ƙasar Manga, amma Damagaram ce garin da aka san shi da shi. Ba da alƙalamin adabi ya fara ba. Ɗan ƙungiyar ƙwadago ne tun yana saurayi, daga nan ya shiga jam'iyyar Djibo Bakary, wadda jama'a suka raɗa wa sunan Hausa, Sawaba. Jam'iyya ce ta direbobi da 'yan kamasho da leburori da ƙananan 'yan kasuwa da ma'aikatan bariki masu ƙaramin albashi, mutanen da suka gaji da kwamanda suka kuma gaji da dogarin sarki. A ƙarƙashin tutarta aka zaɓe shi wakilin Damagaram a majalisa tun bai kai shekara 30 ba.

Sai ga ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958. De Gaulle ya ce kowace ƙasa ta zaɓa: ko ta zauna a inuwar Faransa, ko ta kama gabanta nan take. Djibo Bakary, wanda shi ke riƙe da gwamnatin Nijar a lokacin, ya ce a jefa "a'a". Faransa ta turo sabon gwamna, Colombani, manyan sarakunan gargajiya suka juya wa Sawaba baya, aka bayyana cewa "i" ta samu kusan kashi 78 cikin 100. Gini ce kaɗai ta fice. Kafin shekara ta ƙare mulki ya koma hannun Diori Hamani, a 1959 aka haramta Sawaba. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan shekara ta 1958 a ransa, domin za mu sake gamuwa da ita cikin wata riga.

Ƙasa ta yi wa 'yan Sawaba zafi, Mamani ya bi sahun masu gudun hijira. Ya zauna Gana ta Nkrumah, inda jam'iyyar ta kafa sansani a birnin da mutanen zango ke kira Ankara, ya zauna Mali, ya daɗe a Aljeriya, wadda a wancan zamani ta zama masaukin 'yan gwagwarmaya daga ko'ina cikin Afirka. Daga waje ya ga yadda yunƙurin 'yan Sawaba na komawa gida da makamai ya watse a 1964, aka kama na kamawa, aka harbe wasu a bainar jama'a. A 1965 aka jefa wa Diori gurneti a filin Idi ya tsira, matsi ya ƙaru. A 1966 sojoji suka kifar da Nkrumah, a 1968 suka kifar da Modibo Keita, inuwa biyu suka gushe. A cikin waɗannan shekaru ne ɗan siyasa ya koma marubuci. Kundin waƙoƙinsa na Faransanci, Poémérides, ya fito a Paris a 1972, ya kuma rubuta wasan kwaikwayo mai suna Le Balai, wato tsintsiya. Da Seyni Kountché ya kifar da Diori a watan Afrilu na 1974, 'yan gudun hijira suka ɗauka gari ya waye, suka dawo gida. Ba a jima ba sabuwar gwamnati ta tattara su, har da Djibo, har da Mamani, ta kulle. Mutumin da littafinsa Sarraounia ya fito a kamfanin L'Harmattan na Paris a 1980 ya riga ya ɗanɗani majalisa, ya ɗanɗani baƙunta, ya ɗanɗani kurkuku.

To, mene ne ainihin abin da ya faru a 1899, kafin mu zo ga abin da marubuci ya yi da shi?

Kyaftin Paul Voulet da Kyaftin Julien Chanoine ba baƙin ɓarna ba ne. Su ne suka ci Wagadugu a 1896. Chanoine ɗan janar ne, ubansa har ya riƙe ministan yaƙi na Faransa. A watan Janairu na 1899 suka bar bakin Kwara da ɗaruruwan sojoji 'yan Afirka, da 'yan dako da aka kamo da ƙarfi, da mata da dabbobin da ake ƙara kwasowa a kowane zango. Taro irin wannan a ƙasar da rijiya ke da nisa, kuma da rani, ba ya ci sai ya ƙwace, ba ya sha sai ya kori masu rijiya. Tun daga Sansanin Hausa suka fara yanka mutane. Gari ya buɗe ƙofa a wawashe shi, ya rufe a ƙone shi. Wani hafsansu mai suna Péteau, da suka sallama bayan saɓani, ya rubuta wa budurwarsa wasiƙa yana zayyana abin da ya gani, wasiƙar ta kai hannun 'yan siyasa a Paris, gwamnati ta umarci Laftanar Kanar Klobb ya bi sawunsu ya karɓe rundunar.

Kafin Klobb ya cim musu, ranar 16 ga Afrilu 1899, suka isa Lugu, wani ƙauye na Azna a ƙasar Arewa, yankin Dan Kasari ta wajen Dogon Dutsi. A nan Sarauniya Mangu take. Mutanenta ba su buɗe ƙofa ba, ba su kuma tsaya a fili bindiga ta cinye su ba. Sun ja daga da kwari da baka, da wuta ta yi yawa suka shige cikin kurmin da ke kusa, inda harsashi ba ya ganin abin harbi. Lissafin Faransawan da kansu ya nuna an kashe musu mutum 4, an raunata 6, sun ƙona harsashi wajen 7,000. Suka cinna wa ƙauyen wuta suka wuce, ba su kama Sarauniya ba. A watan Mayu suka yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba. Klobb ya bi su ta cikin toka da gawarwaki har Dankori kusa da Tasawa, inda Voulet ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli. Ranar 16 sojojinsu suka yi tawaye suka kashe Chanoine, washegari suka kashe Voulet. Kaburburansu na nan a Mai Jirgi. Daga ranar yaƙin Lugu zuwa ranar mutuwar Chanoine wata uku ne cif. Mutanen Arewa ba su buƙaci wani ya fassara musu wannan lissafi ba.

Ragowar rundunar ta ci Damagaram a ƙarshen watan Yuli, aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga daga baya, sannan aka nufo tafki.

Abin da marubucin labarin tarihi ke samu idan ya shiga bincike kashi biyu ne, kuma kowanne da irin rowarsa. Akwai takardun Nasara: rahotannin hafsoshi, da littattafan da suka rubuta bayan sun tsufa, irin na Joalland mai suna Le drame de Dankori da ya fito a 1930. Waɗannan suna da kwanan wata da adadin harsashi, amma Sarauniya 'yan layuka ta samu a ciki, a matsayin wata tsohuwar matsafiya da ta yi musu tsaurin ido. Abin da ya dami masu rubutun shi ne yadda Bafaranshe ya harbe Bafaranshe. Ko a 1976, da Jacques-Francis Rolland ya fitar da ƙagaggen labarinsa kan wannan tafiya, Le Grand Capitaine, kyaftin ɗin ne a tsakiyar fage. Sai kuma bakin tsofaffi. Shi yana da suna da kirari da abin al'ajabi, amma ba ya riƙe kwanan wata, kuma abin da ya fi muhimmanci a wurinsa ba lallai ne ya zama abin da marubuci ke nema ba.

A Lugu, Sarauniya ba sunan mace guda ba ne. Sarauta ce ta addinin gargajiya da ake gada tun kafin Mangu, aka kuma ci gaba da gadonta bayanta. Idan mai riƙe da ita ta rasu, gawarta ake ɗauka a yi tarkama, inda gawar ta nufa nan magajiya take. Wadda aka naɗa tana zaune ne a ɗakinta, cikin farin zane, tana kaɗi, ana zuwa wurinta neman ruwan sama da lafiyar ƙasa. Shari'a kuwa akwai dutsen Tunguma da ake kai ƙara gabansa. Ƙarfinta na zama wuri ɗaya ne, ba na hawan doki ba.

Mamani ya ɗauki wannan mata ya miƙar da ita tsaye. Sarauniyarsa budurwa ce kyakkyawa, marainiya, wadda wani dattijo mai suna Dawa ya raina da nonon goɗiya, ya koya mata harbi da sanin itatuwan magani da sirrin daji. Ya ba ta masoyi jarumi, ya ba ta maroƙi, ya ba ta birni mai ganuwa, ya sa damisa ta zama alamarta. Ya kuma zagaya da mai karatu fadodin maƙwabta, a ji yadda ake shawara: waɗansu na ganin gara Nasara da wannan mata, waɗansu na jiran Nasara ya gama musu da ita. Masu nazari da suka auna littafin da abin da ake faɗa a Lugu, irin su Antoinette Tidjani Alou ta jami'ar Yamai da Elara Bertho, sun nuna cewa yawancin wannan ado daga kan marubucin ya fito, kuma kafin 1980 sunan Sarauniya bai yi nisa da ƙasar Arewa ba.

A nan ne nake ganin 1958 ta dawo. Wata murya guda ta ce "a'a" ga Faransa, sarakuna suka zame suka bar ta ita kaɗai, aka fi ƙarfinta a fili, ta janye ba tare da ta miƙa wuya ba, tana jiran ranar da azzalumi zai ci kansa. Wannan labarin Lugu ne, amma kuma labarin Sawaba ne kamar yadda ɗan Sawaba zai so a tuna da ita. A Nijar ta Kountché ba a rubuta tarihin Sawaba a kwana lafiya. Ana iya rubuta na wata sarauniya da ta yi zamani shekara 80 baya. Ban ce Mamani ya zauna ya ƙulla haka da gangan kamar mai saƙa tarko ba. Na ce dai mutum da ciwonsa yake shiga ɗakin ajiyar takardu, kuma ciwon ne ke nuna masa takardar da zai ɗauka.

Shin ya yi ƙarya ke nan? Mu Hausawa bai kamata wannan tambaya ta ruɗe mu ba, domin mun san irin wannan rubutu tun 1934. Bello Kagara ya fara Ganɗoki da yaƙin Nasara na gaske, sannan ya zarce da jaruminsa duniyar aljanu, ba wanda ya kai shi ƙara. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ƙagi Shaihu Umar, amma cinikin bayi da ayarin hamada da ke cikin littafin sun fi na rahoton gwamnati gaskiya. Mai ƙagaggen labari bai yi alkawarin kwanan wata ba. Alkawarinsa shi ne ya sa ka ji zafin abin a jikinka, kuma Mamani ya cika wannan. Shafukan da ya yi kan rundunar kanta, yadda tsoro ke cin sojojin haya da dare, yadda hafsoshi ke ƙara haukacewa da kowane gari da suka ƙona, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da abin da takardu suka tabbatar.

Inda nake da magana a kansa biyu ne. Na farko, hannunsa ya yi nauyi a kan sarakunan Musulmi da malamansu. Ya zana su da fuska guda, alhali shekara huɗu bayan Lugu, a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru da dubban mabiyansa suka faɗi a Burmi suna yaƙar Ingilishi, kuma Damagaram da ya fi kowa sani ta yi nata yaƙin. Na biyun ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Littafin ya yi ƙarfi har ya rufe abin da ya samo asali daga gare shi. Yau za ka ji ɗan makaranta na ba da labarin Dawa da nonon goɗiya a matsayin tarihi, bai taɓa jin tarkama ko Tunguma ba. Sarauniyar takarda ta hau doki ta zaga duniya, ta Lugu tana ɗakinta da mazarinta.

Sai batun masu karatu, wanda shi ne ya fi taɓa ni. Marubucin Turai idan ya gama littafi, mawallafi ne ke tsara masa zagaye gari gari, ya zauna a kantin littattafai yana sa hannu. Mamani ya rubuta da Faransanci, aka buga a Paris, a lokacin da mafi yawan 'yan ƙasarsa ba su shiga lakwal ba. Jikokin waɗanda suka ja baka a Lugu ba za su iya karanta abin da aka rubuta a kan kakarsu ba. Dole labarin ya nemi wasu ƙafafu. Babbar ƙafar ita ce fim. Abokinsa Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya ɗauki littafin zai mayar da shi fim a Nijar, shiri ya yi nisa sai al'amarin ya rushe tsakaninsa da hukuma. Burkina Faso ta Thomas Sankara ta buɗe masa ƙofa, a can aka ɗauka, wata 'yar ƙasar mai suna Aï Keïta ta fito a Sarauniya. Fim ɗin ya fito a 1986, a 1987 ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu. Ga abin dariya mai ciwo: harsunan fim ɗin Jula ne da Fulatanci da Faransanci. Matar da ta yi wa Voulet tsaurin ido da Hausa ta shiga littafi da Faransanci, ta shiga majigi da harshen wasu. Mu da muke zaune a ƙasashen da Hausa ba ita ce harshen ofis ba mun san wannan yanayi sarai, na jin labarin gidanku a bakin maƙwabci. Sai dai kuma akwai ribar da muke da ita: yaranmu na Kamaru da Chadi da Faransanci suke karatu, littafin kuwa ba shi da kauri. Abin da ya gagari tsohon Lugu bai gagari ɗan sakandaren Garwa ba.

Daga fim labarin ya koma gida ta ƙofar baya. Ya shiga littattafan makaranta, ya shiga waƙa da rawa, aka sa wa makarantu suna Sarauniya, aka sa wa gidan rediyo da talabijin a Yamai. Gwamnatocin da ba za su so jin sunan Sawaba ba sun rungumi 'yar da ɗan Sawaba ya haifa da alƙalami, domin kowace ƙasa tana son jaruma, balle wadda ba za ta tashi ta yi gardama ba.

Shi kuwa marubucin yana Damagaram. Ya fitar da Une nuit au Ténéré a 1987, yana ta rubutu, mafi yawa ba a buga ba. Wanda ke zaune a Damagaram, masu buga littafi da masu hira da masu ba da kyauta kuwa suna Yamai ko Paris, rayuwarsa ta adabi a kan hanya take. Duk gayyata guda kilomita 900 ce zuwa, 900 dawowa. A irin wannan zirga-zirga ne Jean-Dominique Pénel, wani Bafaranshe mai nazarin adabin Nijar, ya yi doguwar hira da shi, kuma shi ne daga baya ya tsaya aka tattara waƙoƙinsa wuri guda. Wani ƙagaggen labarin da ya bari, Le Puits sans fond, wato rijiya marar ƙarshe, sai a 2014 ya ga hasken rana, shekara 21 bayan mai shi.

Kyautar da aka kira shi ya karɓa ma akwai magana a cikinta. Boubou Hama babban marubuci ne, masanin tarihi da ya bar littattafai masu yawa, amma kuma shi ne shugaban majalisar dokoki tun daga 1958 har 1974, jigo a jam'iyyar da ta haramta Sawaba ta kori su Mamani daga ƙasa. Sojojin da suka kulle Mamani su ne suka kulle Boubou Hama. Ya rasu a 1982, aka sa wa kyautar adabi ta ƙasa sunansa, sannan a 1993, bayan taron ƙasa na 1991 ya buɗe bakin jama'a, aka ce tsohon ɗan Sawaba ya zo ya karɓa. Ya amsa kira. Mai fita daga Damagaram ya nufi yamma, kafin ya kai Tasawa sai ya wuce Mai Jirgi, inda kaburburan Voulet da Chanoine suke. Mamani ya kama hanyar, bai isa Yamai ba.

Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan mutanen Lugu da na Ƙonni da duk waɗanda wutar 1899 ta ci.